TSORON NAƘUDA: JIYA DA YAU A BIRNIN YAMAI

A Yamai, ko a Bukoki ko a Talaje ko a Zongo, idan yarinya ta ɗauki cikin fari akwai tambayar da take kwana da ita a zuciya. Yaya ciwon nan yake? Zan iya kuwa? Ba ta tambayar uwarta, don kunya. Ba ta tambayar mijinta, don shi ma bai sani ba. Haka abin yake a ƙauye. Tsoron nan tsoho ne, ya girmi kakanninmu. Bari mu duba yadda mutanen da suka yi da shi, da abin da zamani ya kawo, don mu ga wanda za mu riƙe da wanda za mu bari.

Yadda kakanni suka yi

A zamanin da, babu gidan haihuwa. Mace tana haihuwa a ɗakinta. Idan cikin fari ne, sai a mai da ita gidan iyayenta tun watan haihuwa bai kama ba. Wannan shi ne goyon ciki. Dabara ce mai kyau, domin yarinya tana tsakanin mutanen da ta saba da su.

Idan naƙuda ta taso, mace takan durƙusa a ƙasa. Ba ta kwanciya rigingine. Shi ya sa har yau ake cewa wance tana kan gwiwa. Akan karɓo mata rubutu wajen malam ta sha. Akan ba ta jiƙon tsamiya ko saiwoyi, saboda tsofaffi sun ɗauka zaƙi ne ke tare hanyar ɗa. Ungozoma kuwa, sau da yawa sai ɗa ya faɗo take shigowa. Ita ce mai yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri.

Amma babban abin da aka koya wa ƴa mace shi ne shiru. Hausawa suna ce masa kunya. Zabarmawa, waɗanda su ne suka fi yawa a Yamai, suna cewa haawi. Fulani ma suna da irin tasu. Macen da ta haihu ba wanda ya ji muryarta, ita ce jaruma. Wadda ta yi kuka kuwa, kishiya za ta yi mata gori, ƴammata su sa ta a waƙa.

Shirun nan yana da amfaninsa. Ya ba mata ƙarfin zuciya a lokacin da babu likita, babu mota. Amma yana da illa babba. Yarinya tana jin ciwo tun dare, ta ɓoye. Gari ya waye, ta ɓoye. Kafin a gane ɗa ya kasa fita, kwana biyu sun wuce. Mata da yawa sun tafi lahira ta wannan hanya. Shi ya sa ake cewa mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana kabari.

Da gidan haihuwa ya zo

A shekarar 1918 Faransa ta buɗe makarantar aikin likita a Dakar. A can aka fara koya wa ƴammatan Afirka ta Yamma aikin karɓar haihuwa irin na Nasara. A 1926 Yamai ta zama babban birnin Nijar a maimakon Damagaram. A 1929 aka kafa gidan haihuwa na Yamai. Shi ne wanda yau ake kira Maternite Issaka Gazobi, inda ake kai matan da haihuwa ta yi wa gardama.

Gidan haihuwa ya ceci rayuka. Akwai tsabta, akwai magani, akwai mai fiɗa idan hanya ta toshe. Amma ya zo da nasa tsoron. Macen da ta ga uwarta ta haihu a durƙushe, an ce ta hau tebur ta kwanta. An bar uwa da gwaggo a waje. Baƙuwar fuska ce za ta duba jikinta. Wani lokaci ma ana magana da Faransanci a kanta, ba ta jin ko kalma ɗaya.

Bayan samun mulkin kai a 1960, an ga cewa gidajen haihuwa na birni ba za su ishi ƙasa ba. Cikin shekarun 1960, a jihar Maraɗi, aka fara wata dabara. Mutanen ƙauye su zaɓi ungozomarsu, a kai ta likita a koya mata aiki na ƴan kwanaki, a ba ta ƙaramin akwatin kayan aiki. Ana koya mata wanke hannu, da yanke cibiya da tsabta, da gane haihuwar da ta fi ƙarfinta. Daga baya dabarar ta bazu cikin sauran jihohi.

A 1994 wasu masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Alain Prual, suka buga abin da suka gano a gidajen haihuwa na Yamai. Sun saurari mata masu haihuwa, sun saurari ungozomomin likita. Sun iske rashin fahimta tsakaninsu. Mata suna kukan faɗa da rashin bayani. Ungozomomi suna kukan cewa mata ba su jin magana, kuma al'adar gida tana cin karo da dokar likita. Kowane ɓangare yana da abin faɗi. Amma mai naƙuda ce ke shan wahala a tsakani.

Wani tsoro kuma shi ne na kuɗi. Idan an ce sai an yi fiɗa, maigida yana tunanin tunkiyar da zai sayar. A 2005 gwamnatin Nijar ta sa hannu a doka cewa fiɗar haihuwa kyauta ce a likitocin gwamnati. A 2006 aka ƙara da awon ciki, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Abin da aka yi a wasu ƙasashe

Kada mu zaci matanmu kaɗai ke tsoro. Matan Turai ma sun ji shi. A 1847 wani likita a Birtaniya, James Simpson, ya fara shaƙa wa masu naƙuda wani magani mai sa barci, sunansa kuloroform. Wasu suka ƙi abin. Amma a 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shaƙe shi wajen haihuwar ɗanta na takwas. Daga nan mata da yawa suka bi.

Maganin barci yana da haɗarinsa ga uwa da ɗa. Saboda haka wasu likitoci suka nemi wata hanya. A 1933 wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya rubuta littafi a kan haihuwa ba tare da magani ba. Ga abin da ya koyar. Tsoro yana sa jiki ya ɗaure. Jiki idan ya ɗaure, ciwo yana ƙaruwa. Ciwo idan ya ƙaru, tsoro ya daɗu. Abin yana zagaye kamar jaki a turke. In an rage tsoro, an sassauta igiyar.

A 1951 wani likitan Faransa, Fernand Lamaze, ya tafi Tarayyar Sobiyet. Ya ga ana tara masu ciki ana koya musu yadda haihuwa take, da yadda za su yi numfashi. Ya koma birnin Paris ya fara koyar da haka. An sa wa abin suna haihuwa babu ciwo. Sunan ya yi ƙarya, domin ciwo bai tafi ba. Amma matan da aka koya wa sun fi natsuwa.

A 1980 aka buga wani gwaji da aka yi a ƙasar Gwatemala, a wani gidan haihuwa mai cunkoso. An raba masu cikin fari kashi biyu. Kashi ɗaya an bar su su kaɗai, kamar yadda aka saba a gidan. Kashi ɗaya kuwa an ba kowace wata mace ta zauna da ita. Matar nan ba likita ba ce. Tana riƙe hannu, tana shafa baya, tana magana mai daɗi. Waɗanda aka bari su kaɗai sun yi wajen awa 19 kafin su haihu. Masu abokiyar zama kuwa, wajen awa 9.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan haihuwa. Ta ce a bar mace ta zaɓi wanda zai zauna da ita. A bar ta ta yi tafiya, ta ci, ta sha, in babu wata matsala. A bar ta ta haihu a durƙushe ko a tsugune in haka ta fi so. A yi mata bayani da mutunci. In tana son maganin rage ciwo kuma akwai shi, a ba ta. Ku duba, ƴan'uwa: durƙuson kakanninmu da goyon ciki, ga shi likitocin duniya sun zagayo sun same su. Shirun ne kawai ba su ɗauka ba.

Mene ne ciwon naƙuda?

Rashin sani ya fi dare duhu. Ga yadda abin yake. Mahaifa jaka ce ta tsoka mai ƙarfi. Bakinta a rufe yake har wata tara. Idan lokaci ya yi, tsokar tana matsewa tana saki, tana matsewa tana saki. Kowace matsa tana buɗe bakin kaɗan. Sai ya buɗe santimita 10, wajen faɗin tafin hannu, sannan kan ɗa ya wuce.

Ke nan ciwon naƙuda ciwon aiki ne. Ba alamar cewa wani abu ya lalace ba ne. Kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yana zuwa, ya yi kamar minti ɗaya, ya tafi, a huta. Da farko yana zuwa nesa-nesa, daga baya kusa-kusa. Cikin fari ya fi daɗewa, domin hanya sabuwa ce.

A ƙasashe masu arziki akwai allurar da ake yi a gadon baya ta kashe ciwon. A ƙauyukanmu babu ita. Amma akwai abubuwan da ba su cin ko dala. Idan ciwo ya taso, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki sake shi a hankali ta baki. Kada ki riƙe shi. Ki saki kafaɗa, ki saki haƙora. Tsakanin ciwo da ciwo ki yi ƴar tafiya, ki sha ruwa ko kunu, ki yi fitsari. Wadda ke tare da ke ta danna miki ƙugu da tafin hannu, ko ta sa tsumma mai ɗumi. Kada ki yi yunƙuri tun ungozoma ba ta ce ba, don kada ƙarfinki ya ƙare. Ki yi addu'arki. In nishi ya zo, ki yi nishi.

Malamai suna ba mu labarin Nana Maryamu, uwar Annabi Isa. Naƙuda ta kama ta ita kaɗai a gindin dabino. Abin ya tsananta har ta furta damuwarta da bakinta. Ba a zarge ta ba. An lallashe ta, an ba ta abin ci da abin sha. To, wace ce za ta yi wa ƴar mutane gori don ta ce wayyo?

Inda haƙuri ba ya aiki

Akwai ciwon da ake haƙuri da shi, akwai wanda ake gudu da shi likita. Idan jini ya ɓalle. Idan mace ta fara jijjiga, ko kai yana sara, ido yana ganin duhu. Idan hannu ko cibiya ta riga fitowa. Idan faya ta fashe amma naƙuda ta ƙi tasowa. Idan zazzaɓi ya rufe ta. Idan naƙuda mai ƙarfi ta kai awa 12, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ɗa bai zo ba. Waɗannan ba na rubutu da jiƙo ba ne kaɗai. A nemi mota ko amalanke nan take.

Idan kan ɗa ya daɗe a maƙale, yana danne naman uwa a jikin ƙashi. Jini ba ya kai wa wurin, naman ya mutu, ya huje. Daga nan yoyon fitsari ke samuwa. Ba maita ba ce, ba zunubi ba ne. Ana ɗinke shi a Yamai, ana ɗinke shi a Danja kusa da Maraɗi, inda aka buɗe gidan wannan aiki a 2012. Amma rigakafi ya fi magani. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ta fi shiga wannan haɗari.

Aikin kowa

Uwa, ki zaunar da ƴarki tun ciki yana ƙarami. In kunya ta hana ki, ki sa gwaggo ko yaya ta yi mata bayani. Kada a ba ta labarin waɗanda suka mutu. A gaya mata yadda ciwon ke zuwa da yadda yake tafiya.

Maigida, ka bar ta ta je awon ciki. Ka tanadi kuɗin mota tun wata bakwai. Ka bar izini a gida, don kada a zauna jiranka kana gona ko kana cin rani.

Ke kuma mai ciki, ki zaɓi wadda za ta zauna da ke. Ki tambayi ungozomar likita duk abin da ba ki gane ba. Ranar da kika ji ciwo ya soma, ki faɗa tun da wuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kakanninmu sun bar mana haƙuri da durƙuso da zama kusa da uwa. Mu riƙe su. Likita ya kawo mana sani da hanyar ceto. Mu ƙara da su. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.