Zaman ƙasa: Yadda ake shirya wurin hutawa ba tare da kujerun kushin ba

A yankunan Tambuwal da Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato a Najeriya, gidaje da dama na karɓar baƙi, a ci abinci, a yi hira, ba tare da an ajiye kujerar kushin ko ɗaya ba.

Tabarma da darduma da matasai su ne kayan zama, kuma kowannensu yana da wurinsa da ƙa'idarsa.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Tambuwal na da mutane fiye da 220,000, ita kuwa Kebbe, wadda ke iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara, tana da fiye da 120,000. Akasarinsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

Asalin al'adar

A tsarin ginin Hausawa, zaure shi ne ɗakin farko da baƙo ke shiga. A nan maigida ke ganawa da jama'a, a nan kuma malami ke ba da karatu.

Mata kuwa a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa suke hutawa, yayin da dattawan unguwa ke taruwa a dakalin ƙofar gida da yamma.

Zaman ƙasa bai taɓa zama alamar talauci ba. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya ba da labarin cewa da ya isa Sakkwato a 1824, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zaune a kan ƙaramar shimfiɗa.

Kayan shimfiɗa

Aikin yana farawa ne daga ƙasan ɗaki. A da, mata kan taru su yi daɓe, su yayyafa ruwan makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa domin ya yi ƙarfi. Siminti da tayil sun maye gurbin daɓe a gidaje da yawa.

A kan wannan ake shimfiɗa tabarma. Ta gargajiya da kaba ake saƙa ta, wato ganyen goriba, kuma tana da sanyin zama. Ta roba ta fi jure ruwa, sai dai tana ɗaukar zafi.

Daga nan sai darduma ko kafet, waɗanda akan ɗora a inda manya za su zauna. Buzu, wato jemammiyar fatar rago da gashinta, na malamai ne da dattawa.

Abin jingina kuwa shi ne matashi da tumtum, waɗanda akan jera a jikin bango, a bar tsakiyar ɗaki domin kwanon abinci da wucewar jama'a.

Dukawa ne ke ɗinka tumtum da fatar da majema suka jeme da bagaruwa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe da yin suna, domin ayarin fatake sun riƙa tsallaka Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Ladubban zama

Mai shiga kan cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, sannan ya nemi wurin da ya dace da shi.

Yaro ba ya hawa shimfiɗar mahaifinsa ko ta malaminsa, kuma miƙe ƙafafu a gaban babba rashin ladabi ne.

Shimfiɗa wa baƙo tabarma ita ce karramawa ta farko, ko da yake Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Yanayi da aljihu

Daga Maris zuwa Mayu, zafi a jihar Sakkwato kan haura digiri 40 a ma'aunin Celsius. Kujerar soso na riƙe zafi da gumi, ita kuwa tabarma ana iya naɗe ta a bi inuwa da ita.

Da hunturu ma, kakkaɓe ƙura daga tabarma ya fi sauƙi a kan fitar da ita daga kushin. Haka nan ɗakin da aka yi hira a cikinsa da rana na iya komawa wurin salla ko na kwana da dare.

To sai dai kujeru sun shiga jerin kayan ɗakin da ake sa ran iyayen amarya za su saya, abin da kan jefa wasu iyaye cikin bashi ko sayar da dabbobi.

Nauyin ya ƙaru bayan janye tallafin man fetur a 2023, inda hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Malamai sun daɗe suna kira da a sassauta hidimar aure.

Abubuwan lura

Zaman ƙasa na wahalar da tsofaffi masu ciwon gwiwa da mata masu tsohon ciki. Akan sauƙaƙa masu da 'yar katifa mai kauri ko gajeriyar kujerar katako.

Da damina, danshi da gara na lalata tabarmar kaba, kunama kuma na iya ɓuya a ƙarƙashinta. Don haka ake kakkaɓe ta kafin a zauna, a riƙa shanya ta, a jingine ta idan an tashi.

A wasu ƙasashe

Al'adar ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba. A Japan, ana zama a kan tabarmar da suke kira tatami.

A 2015 kuma hukumar UNESCO ta sanya majalisar Larabawa, inda ake zama kan dardumai da matasai, cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, bisa buƙatar Saudiyya da Katar da Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Irin wannan shimfiɗa ta Larabawa ta samu karɓuwa a gidajen masu hali a biranen arewacin Najeriya, inda wasu ke keɓe mata falo guda.