Sadaka da tikitin jirgin sama: abin da ke yiwuwa da abin da ba ya yiwuwa

Mutum ya yanki tikitin jirgi zai tafi Umra, ko zai koma bakin aikinsa a Abijan, sai rashin lafiya ko rasuwa ta tsayar da shi. Tikiti na hannu, kuɗi sun fita. A maƙwabta kuma ga yaron da likita ya ce sai an kai shi waje. Ko ana iya miƙa wa iyayen yaron tikitin nan a matsayin sadaka?

Amsa a taƙaice: tikitin kansa ba ya bayuwa, amma darajar da ke cikinsa tana bayuwa.

Tikitin jirgi ba irin na motar Filinge zuwa Yamai ba ne, wanda in ka fasa sai ka miƙa wa ƙanenka ya hau. Da sunan mutum guda ake yankan shi, kuma dole sunan ya zo daidai da na fasfo. Manyan kamfanoni suna yarda a gyara harafin da aka yi kuskure, amma ba su yarda a cire suna a sa wani. Wasu kamfanonin araha na Turai, kamar Ryanair da easyJet, suna canza suna in an biya, sai dai ba su sauka a filin jirgi na Diori Hamani. Don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da tikitin wani ka hau da shi, kuɗinka yake so.

To, me mai tikiti zai yi? Abu na farko, ya soke tafiyar tun jirgi bai tashi ba. Nan ne mutane suka fi asara. In jirgi ya tashi ba ka zo ba, ba ka kuma sanar ba, yawanci har tikitin dawowa yakan mutu tare. In ka soke da wuri, abin da za ka samu ya danganta da irin tikitin da ka yanka: akwai wanda ake maido kuɗinsa duka, akwai wanda ake cire tara, akwai wanda sai dai a ba ka takardar bashi ka yi wata tafiya da ita, galibi cikin shekara guda. Ko a tikitin da aka rubuta ba a maido kuɗinsa, akwai harajin filin jirgi a ciki, wanda ba a cin sa sai an yi tafiyar, kuma ana iya neman a maido shi. Mutane da yawa ba su san wannan ba. In ta ofishin masu yankan tikiti ka saya, can za ka koma, ba wurin kamfanin jirgi ba. Abin da ya dawo hannunka kuɗinka ne, kana iya ba wanda ka ga dama.

Hanya ta biyu ita ce wadda Turawa suka fi nufi in suna maganar kyautar tikiti: makin tafiya. Kamfanoni suna rubuta wa mai yawan hawa jirgi maki gwargwadon tafiyarsa, in makin ya taru sai ya karɓi tikiti da shi. Ethiopian tana kiran nata ShebaMiles, Royal Air Maroc tana da Safar Flyer, Turkish tana da Miles&Smiles, Air France da KLM kuma Flying Blue. Makin nan yana mutuwa in ya daɗe ba a taɓa shi ba, kuma bambancinsa da tikiti shi ne ana iya yanka wa wani mutum daban tikiti da shi. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Gwanzu da Istambul, da yawansu suna da wannan maki a kwance ba su taɓa dubawa ba.

A Amurka an kafa wata ƙungiya a 2016, Miles4Migrants, wadda ta riƙa tara irin wannan maki tana yanka wa ƴan gudun hijira tikiti don su haɗu da iyalansu. Ta yi aiki sosai a 2021, lokacin da aka kwaso mutane daga Afganistan.

Wadda ta fi shafar mu ita ce Aviation Sans Frontières, da wasu matuƙan jirgin Air France suka kafa a Faransa a 1980. Aikinta da aka fi sani shi ne rakiyar yara marasa lafiya daga Afirka zuwa asibitocin Turai, da maido su gida bayan an yi musu aiki, ɗaruruwa kowace shekara. Masu rakiyar ƴan sa-kai ne, da yawansu ma'aikatan kamfanin jirgi ko waɗanda suka yi ritaya, masu haƙƙin tikiti mai rahusa. Da wannan haƙƙi nasu suke sadakar. Yaron yakan tafi ba uwa ba uba, ya yi makonni ko watanni a hannun wani gida ko wata cibiya. Abin da wuya ga uwa, gaskiya, amma haka tsarin yake.

Ba ita ke zaɓen yaran ba, kuma nan ya kamata a fahimta. Ƙungiyoyin likitoci ne ke zaɓe, kamar Mécénat Chirurgie Cardiaque mai kula da yara masu ciwon zuciya, wadda Farfesa Francine Leca ta kafa a 1996, ko Sentinelles ta ƙasar Suwis, wadda ke aiki a Damagaram tun 1992 kan cutar noma. (Ba noman gona ba, cutar nan ce mai cin baki da kumatun ƙananan yara, wadda hukumar lafiya ta duniya OMS ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba 2023.) Tun watan Agusta 2023 da Air France ta daina zuwa Yamai, hanyar Turai ta ƙara tsawo, sai an bi ta Kasablanka ko Istambul ko Adis Ababa.

Akwai kuma wata sadakar da matafiyi ke yi bai sani ba. A 2006 aka fito da wani ɗan haraji a kan tikitin jirgi don tallafa wa asusun Unitaid, mai neman sauƙin farashin magungunan sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Nijar na cikin ƙasashen da suka karɓi tsarin.

Ga iyalin da ke Bonkuku ko wani ƙauyen Kurfai da yaro a kwance, ba a fara neman tikiti. Takardar likita ake fara nema. Daga likitar gari a tura ku babban asibitin Filinge, daga can Yamai, a yi hoto da sauran gwaje-gwaje. Likitan da ya duba yaron ne ke haɗa takardu ya aika wa ƙungiya, ita kuma ta ce ta karɓa ko ba ta karɓa ba. In ta karɓa, ita ke shirya tafiyar da mai rakiya. Saƙon WhatsApp mai cewa an ba ka tikiti kyauta, ka turo jika goma ko ashirin na buɗe takardu, damfara ce.

Ba kowace cuta ke buƙatar jirgi ba ma. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana gyaran karkatacciyar ƙafa da tsagaggen leɓe. Noma kuwa, in an kai yaro tun dasashi na kumburi yana jini, baki na wari, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita a nan likitar gari, kuma tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati.