Kogin Nilu Da Kiɗan Mutanen Nubiya

A shekara ta 1960 gwamnatin Masar ta soma ginin babbar madatsar ruwa ta Aswan, aka gama a 1970. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai wajen kilomita 500 a tsawo, har ya tsallaka cikin Sudan. Ambaliyar da Nilu ya saba kawowa kowace shekara ta tsaya, lakar da take shimfiɗa wa gonaki kuwa ta koma tana kwanciya a gindin tafkin.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne mutanen Nubiya. Kimanin mutum 100,000 aka tayar daga garuruwansu. Na ɓangaren Masar aka kai su Kom Ombo, na Wadi Halfa kuma aka ɗebe su a jirgin ƙasa zuwa Khashm el-Girba, can gabashin Sudan, nesa da kogin da suka sani. Dabinonsu da kaburburan iyayensu duk ruwa ya shanye. Ita duniya hankalinta yana kan duwatsu ne: hukumar UNESCO ta tara kuɗi, aka yayyanka ɗakunan bauta na Abu Simbel aka ɗaga su mita 65 tsakanin 1964 da 1968. Aikin ya cancanci yabo, amma bai tsirar da gida ko ɗaya ba.

Hamza El Din, wanda aka haifa a Toshka a 1929, ya karanta aikin injiniya a Alƙahira, sa'an nan ya koma ga kiɗan udu, watau wani abin kiɗa mai tsirkiya na Larabawa. Kafin ruwan ya iso ya bi ƙauyuka bisa jaki yana tattara waƙoƙin mutanensa. A 1971 ya fitar da faifan da ya kira Escalay, sunan da Nubiyawa ke kiran na'urar katako da shanu ke juyawa don ɗebo ruwa daga kogi zuwa gona. Kiɗan yana tafiya ne da juyin wannan na'ura: amo guda yana dawowa, yana dawowa, da ɗan sauyi kaɗan, yadda yaron da ke kora shanun zai ji shi tun asuba har rana ta take. Babu zargi a cikinsa, babu ambaton gwamnati. Sai dai ya ajiye sautin wani aiki wanda gonakinsa suke ƙarƙashin ruwa tun kafin faifan ya fito.

Hamza ya rasu a Amurka a 2006. Ƙauyen da aka haife shi yana ƙarƙashin tafkin.