Kotun Da Ta Fi Alaska Tsada

Yau za mu leƙa birnin New York. A 1858 aka ware dala 250,000 don gina kotu. Kafin a gama, kuɗin ya haura dala miliyan 11, alhali miliyan 7.2 Amurka ta biya Rasha ta sayi Alaska a 1867.

William Tweed, uban gidan 'yan siyasar birnin, da yaransa ne ke sa 'yan kwangila su kumbura farashi, su kuma su yagi kaso mai tsoka. Abin da ya fi ba mu takaici, talakawan baƙi 'yan Ailan da ke zuba musu ƙuri'a suna cunkushe a ɗakunan haya, wasu ko taga babu.

Jaridar New York Times ta tona asirin a 1871. Tweed ya tsere Sifen, aka kamo shi, ya mutu a kurkuku a 1878.