Murhun Kakata da Dajin Kamuku: Tarihin Itacen Girki a Ƙasar Birnin Gwari

Gabatarwa

In aka ambaci tarihi, abin da ke fara faɗo mana a rai mu ɗalibai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwa. Ni kuwa a wannan ɗan rubutu ina so in ja mai karatu zuwa madafa, inda duwatsu uku suke zaune cikin toka. Dalilina shi ne, duk sarkin da aka taɓa yi sai da ya ci tuwo, tuwo kuwa ba ya nuna sai da wuta, wuta kuma a ƙasarmu ta Birnin Gwari daga daji take fitowa. Saboda haka wanda ya bi sawun itace daga daji zuwa murhu zai ga yadda zamani ya juya da mu. Abin da zan kawo kashi biyu ne: wanda na gani ko na ji a gidanmu, da wanda na tsinta a karatu.

Zamanin da daji ke bakin ƙofa

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da Neja da Zamfara da Katsina. Ƙasa ce mai duhuwar itatuwa: doka da maje da baushe da taura da marke da ƙirya, ga kaɗanya da ɗorawa a gonaki. Hausawa da Gbagyi, waɗanda muke kira Gwari, da Kamuku da Fulani duk sun daɗe suna ci daga wannan daji.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ta ce da ƙuruciyarta ba ta san ana sayen itace a ƙauyensu ba. Amma kada mai karatu ya ɗauka kyauta yake. Da ƙafa da wuya ake biyansa, Bagwariya kuwa da kafaɗa, don ita ba ta ɗora kaya a ka. Wadda ta yi tafiyar hantsi zuwa azahar kafin ta kawo dami ɗaya ba ta bukatar malamin da zai koya mata tattali.

Ga abin da na gani da idona ina yaro. Ba ta taɓa ɗora tukunya sai ta gama haɗa komai, an daka, an tankaɗe, an yanka. Wake takan jiƙa shi tun dare, ta jefa masa 'yar kanwa don ya nuna da wuri. Tukunya ba ta zama ba murfi. Gefen da iska ke kaɗawa takan kare shi da fasasshen tulu. Da ruwa ya tafasa sai ta janye itace ɗaya. In ta sauke tuwo, sai ruwan wanka ya hau kan ragowar garwashi, bakin wutar da ya rage kuma ta turbuɗe shi a ƙasa don gobe. Da dare takan binne garwashi a toka, da asuba ta tone ta hura, maƙwabta su aiko yara ɗiban wuta a katanga. Tokar ma ba ta zubarwa: wata ta tace ruwan toka na miya, wata ta kai gona. Ɗanyen itace ba ya shiga murhunta, kaɗanya da ɗorawa kuwa ba a sare su don girki, tunda wannan tana ba da man kaɗe, waccan tana ba da kalwa ta daddawa.

Wata rana na cusa itace biyar a murhu don in ga harshen wuta ya tashi. Ta zare uku ta ce, "Kai maigida, tukunyar kake dafa wa ko sararin Allah? In kai za ka riƙe ni da wannan ɓarna, gara in koma gidanmu." Aka yi dariya. Sai da na zo jami'a na gane kimiyya ce take yi. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 na zafi ko an ƙara masa wuta, ƙarin itacen tururi kawai yake zama. Ɗanyen itace kuma sai ya ɓata wani kashi na zafinsa wajen ƙone ruwan jikinsa, shi ya sa yake hayaƙi. Masu awo sun ce a murhun duwatsu uku, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen ba, saura iska ke kwashewa. Ashe duk dabarun tsohuwa na tare wannan asara ne.

Ba na cewa mutanen da ba su ci daji ba. Maƙera sun ƙona ƙirya don gawayinta mai ƙarfi, masu tukwane sun gasa tukwanensu, wankan jego na kwana arba'in kuma kowa ya san tulin itacen da miji ke tarawa dominsa. Sai dai mutane kaɗan ne, jaki ne babbar mota, daji kuma yana samun hutun da zai sake tofowa.

Turawa da gandun daji

Da Turawa suka ci ƙasa, sai suka zo da sabon ra'ayi, watau daji dukiyar hukuma ce da za a shata wa iyaka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, sababbin garuruwa suka tashi cike da ma'aikata da sojoji waɗanda ba su da gona balle kara, dole su sayi abin hura wuta. A nan ne itace ya fara zama haja.

A 1935 wani masanin daji Bature, E. P. Stebbing, ya ta da hankalin hukuma da cewa Sahara na gangarowa kudu. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti da ya zaga iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai kuwa sami abin ya kai yadda Stebbing ya faɗa ba. Duk da haka zamanin keɓe dazuzzuka ne, kuma a 1936 ɗin aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e ta Birnin Gwari. Shi ne a 1999 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga shi ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 1,120, yana manne da dajin Kuyambana na Zamfara.

Keɓewar ta yi amfani, don ta sa an sami wurin da giwa da gwanki suka daɗe suna fakewa. Amma ta bar baya da ƙura. Dajin da talaka ke gani nasa ne, yana kiyaye shi da al'ada, ya koma na hukuma, mai gandun daji ya zama abin tsoro. Abin da mutum ya ɗauka ba nasa ba kuwa, in ya sami sarari ba ya tausaya masa.

Kwalta, kananzir da fari

Hanyar mota da ta taso daga Kaduna ta ratsa Birnin Gwari zuwa Tegina da Jebba har Ikko, da wadda ta nufi Funtuwa, su suka ƙarasa abin da jirgi ya fara. Abin da jaki zai yi wata yana ɗauka, babbar mota ta kwashe shi a yini ɗaya. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna ya ga itace an faskara an jera, da buhunan gawayi suna jiran mota.

A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone ƙasashen Sahel. Turai da Amurka suna kukan fetur, sai wani marubuci, Erik Eckholm, ya tunatar da duniya a 1975 cewa matsalar makamashin talaka ita ce itacen girki. Nijeriya a lokacin tana cikin daular mai. An gama madatsar Kainji a 1968, aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, Shiroro da ke maƙwabtaka da mu ta fara ba da lantarki a 1990. Risho ya shiga gidajen ma'aikata, fitilar ƙwai ta kori aci-balbal, aka yi zaton kwanan murhu ya ƙare.

Zaton bai tabbata ba. A shekarun 1990 kananzir ya yi wuya har mata suka koma wa murhun garwa mai cin garin katako, wanda jama'a suka laƙaba wa suna murhun Abacha. Mahaifiyata ta yi amfani da shi a Kaduna. A 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, a 2023 ta janye na fetur, gas kuma ya yi tsada. Kowane tashin farashi a birni, gatari ne ke amsa shi a daji, domin matar da ta kasa cika tukunyar gas kurfoti take jawowa. Gawayi kuwa ya fi itace cin daji: a irin ƙonawar da ake yi ta rufe itace da ƙasa, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, kuma manyan itatuwa masu tauri ake nema.

A nan ya kamata mu yi adalci. An saba ɗora laifin ƙarewar daji a kan matar ƙauye mai tsintar ƙirare. Binciken da wasu masana, cikinsu har da Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola, suka yi a Kano, wanda aka buga a 1990, ya nuna manoman kewayen Kano suna riƙe da itatuwan gonakinsu da kyau duk da yawan jama'a, itacen da birni ke ci kuwa ana ƙara kawo shi daga nesa a mota. Watau manomi yana tattalin nasa, dajin da ba mai shi ne ke biyan bashin birni. Mu da ke zaune a birni da makarantu, masu son gasasshen nama da shayi da burodin gidan biredi mai cin itace, muna cikin masu wannan bashi.

Da daji ya rufe

Sauran labarin kowa ya san shi, ba na kuma son in daɗe a kansa. A shekarun 2010 dajin nan ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. A watan Mayu na 2018 an kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiya, gonaki na nesa suka koma saura, ƙauyuka suka watse zuwa gari. Na ga abin da kakata ba ta taɓa mafarki ba: mutumin Birnin Gwari, daji na kallonsa yana kallon daji, yana sayen itace ƙwaya-ƙwaya. Na ga mata suna dafa abinci da totuwar masara da tsofaffin robobi. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ƙarƙashin Gwamna Uba Sani ta yi sulhu da masu ɗauke da makamai, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amma a waɗannan shekaru ne na ga 'yan'uwana mata sun koma wa dabarun tsohuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi musu lacca.

Abin da maƙwabta suka gwada

Ba mu kaɗai muka shiga wannan hali ba. A Nijar, a shekarun 1980, an fito da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙeran gari ke ƙerawa, yana rungume tukunya don kada iska ta saci wuta. A Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka farfaɗo da dabarar barin kututture ya tofo, a rage rassan a bar masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta wannan ya dawo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma rassan da ake ragewa su ne itacen girkin gida. A Sakkwato an kafa cibiyar binciken makamashi a jami'a a 1982, ta yi aiki a kan ingantaccen murhu da girki da hasken rana. A Kaduna kuma an yaɗa murhun Save80, wanda masu shi suka ce yana rage cin itace da kashi 80 cikin ɗari, yana zuwa da akwatin da ake sa tukunya mai zafi ta ƙarasa nuna ba wuta. Wannan ma ana iya yinsa a gida: shinkafa ta tafasa, a sauke, a naɗe tukunyar da tsohon bargo a sa cikin kwando.

Batun bai tsaya ga daji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Murhun da ya rage itace ya rage hayaƙi ke nan.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, dokar 1936 ta shata daji amma ba ta leƙa madafa ba, kananzir ya leƙa madafa amma bai zauna ba. Abin da ya zauna shi ne murfi a kan tukunya, busasshen itace, kariya daga iska, jiƙa wake, da kashe wuta in an gama. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗaliban Hausa abu biyu. Na farko, in mun je hutu mu zauna da tsofaffi mu rubuta sunayen itatuwa da kalmomin murhu da na ƙira, domin itacen da ya ƙare a daji sunansa ma yakan ƙare a baki, kuma wannan aikinmu ne kafin ya zama na kowa. Na biyu, kowa ya dubi murhun gidansu. Ni dai hutun da ya wuce na kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi na gina wa mahaifiyata murhu mai baki ɗaya, na kewaye tukunya da shi. Ta ce damin da ke yi mata kwana uku yanzu yana kai ta kusan mako. Ta kuma ce ginin nawa karkatacce ne, da kakata na nan da ta sa ni na rushe na sake.

Allah ya sa mu dace, amin.