Ƙarfe ɗaya, aiki biyu: asalin adda da wuƙa a ƙasar Gabi

Gabi tana cikin yankin Madarumfa na jihar Maraɗi, kusa da dajin Baban Rafi da iyakar Najeriya. Wanda ya duba addar manomin wannan ƙasa zai ga an ƙera ta da ayyuka biyu a zuciya, wato sassabe da kare kai. Dalilin haka yana cikin tarihin ƙasar.

Bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan aka yi shekaru da dama ana kai wa juna hari tsakanin Maraɗi da Katsina, musamman a zamanin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore. Ƙasar da ke tsakanin biranen biyu, inda Gabi take, ta zama hanyar mayaƙa. Barde yana da takobi da mashi da doki. Talaka kuwa abin da ke hannunsa a gona shi ne makaminsa, don haka ya buƙaci ƙarfen da zai sare ƙaya da safe, ya tsare gida da dare.

Maƙeran baƙi ne suka biya wannan buƙata. A da, su da kansu suke haƙo tama su narke ta. Gawayin ƙirya suka fi so, saboda wutarsa tana da zafi kuma tana daɗewa. Yaro yana kan zuga-zugi, maƙeri ya ciro ƙarfe da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya bi shi da masaba tun yana ja. Kafin ya fara, sai ya tambayi mai saye aikin da za a yi da abin. Idan adda ce, baki ɗaya ake yi mata, a bar baya da kauri, a tura nauyi wajen kai domin sara ya shiga ba tare da hannu ya gaji ba. Idan wuƙar hannu ce, sai a yi ta gajeriya, mai baki biyu da tsini, baduku ya ɗinka mata kube da zoben fata a ɗaura a dantse ƙarƙashin riga. Aiki mafi wuya shi ne na ƙarshe, lokacin da ake tsoma baki a ruwa don ya yi tauri. In ya wuce kima sai ya ɓalle, in ya gaza sai ya dakushe da wuri. Da launin ƙarfen maƙeri ke gane lokacin, kuma wannan ido daga uba ake gadonsa.

Zuwan Turawa ya sauya abubuwa biyu. Faransa da Ingila suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, hare-haren sarakuna suka tsaya, takobi ya koma kayan ado na hawan salla. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai ya cika kasuwanni, narka tama ya yi ta ja da baya har aka daina. Yau tsohon sifirin mota ne abin so ga maƙeri, domin yana riƙe kaifi.

Jarumtar da ta rasa fagen yaƙi ta samu wuri a wasa. 'Yan tauri suna fitowa da wuƙaƙe a bukukuwa, ana kiɗa, suna goga kaifi a jikinsu don nuna maganin ƙarfen da suka sha. Mafarauta ma ba su rabu da barandami da wuƙa ba.

Adda kuma ta samu sabon matsayi. Daga 1983 wani mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoman Maraɗi kan abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da kututture ya yi, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Yanka mai tsabta, daga ƙasa zuwa sama, shi ke hana ɓawo yagewa, kuma wannan sai da baki mai kaifi. Da irin wannan aiki itatuwa suka dawo gonaki masu yawa a kudancin Nijar. Masu lambun zogale a fadamar Gulbi ma da wuƙa suke datsa domin ganye ya yawaita.

A 'yan shekarun nan satar shanu da satar mutane sun addabi yankin Madarumfa, kuma adda ba ta tare bindiga. Tsaron manomi ya koma wuyan hukuma. Abin da ya rage ga maƙeri shi ne aikin gona, kuma a nan har yanzu yana da fifikon da addar kanti ba ta da shi: yana auna ƙota da hannun mai ita, yana gyara ta in ta lalace. Manomi da ƙungiyoyin raya karkara da ke sayen kayan aiki ya kamata su fara da maƙerar ƙauye, domin ciniki ne kawai zai sa ɗan maƙeri ya zauna ya koyi sana'ar ubansa.