Waƙar Ranar: Yadda Karatun Lahadi Ke Zaɓar Waƙa a Cocin Lutheran

A tsohuwar al'adar Lutheran ta Jamus, kalandar ikilisiya ce ke da ta cewa wajen zaɓen waƙa. Kowace Lahadi da karatunta na Bishara, kuma akwai babbar waƙa guda da aka ɗaura wa karatun, ita ake kira waƙar ranar. Waƙar shiga da ta jibin Ubangiji da ta fita, fasto yana da sarari a kansu. Wannan ɗaya kuwa ba a wasa da ita, domin ita ce ke sa wa'azin ranar a bakin jama'a.

Tushen abin yana wajen Martin Luther. Littafin waƙoƙin Lutheran na farko ya fito a 1524 da waƙoƙi takwas kacal, huɗu nasa ne. A tsarin sujadar Jamusanci da ya fitar a 1526, sai ya dasa waƙar jama'a tsakanin karatun Wasiƙa da na Bishara, gurbin da a da mawaƙa kaɗai ke rera Latin, manomi da matarsa suna saurare.

Waƙar da Philipp Nicolai ya wallafa a 1599 ta isa misali. Fasto ne a garin Unna lokacin annobar 1597, ya ga ana ta kai mutanensa kushewa. Daga nan ya ɗauko misalin budurwai goma na Matiyu sura 25: tsakar dare, ana shela, ango ya iso, wasu fitilunsu ba mai. Amma wannan karatu na Lahadi ta 27 bayan Triniti ne, wadda ba ta zuwa sai Ista ta faɗo tsakanin 22 da 26 ga Maris. Johann Sebastian Bach ya riƙe kiɗan manyan majami'un Leipzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750, sau biyu tak wannan Lahadin ta riske shi, a 1731 da 1742. Shi ya sa kiɗan da ya gina a kan waƙar, mai lamba BWV 140, sai ranar 25 ga Nuwamba 1731 aka fara jin sa, shekara shida bayan jerin irin waɗannan kiɗe-kiɗe da ya yi daga 1724 zuwa 1725. Gwani irin Bach ma layi ya bi.

A ganina tsarin yana da tsada: waƙa mai daɗi ta kwana shekaru a littafi. Ribarsa ita ce ba a barin ɗanɗanon mai jagora ya mallake sujada, kuma wanda bai iya karatu ba yana haddace koyarwar shekara da baki. Cocin Jamus daga baya ta sassauta. Karatun budurwai goma da waƙar Nicolai sun koma Lahadin ƙarshe ta shekarar ikilisiya, ranar da ake karanto sunayen waɗanda suka rasu a cikinta.